Kofin Rusaifa da Tagar Ɗaso

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda aka haifa a wannan gari da muke zaune cikinsa muna cin albarkacin maƙwabtaka, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wannan zama, Ammu Yunus, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Wakilin umda, wato mai unguwar Rusaifa, wanda ya bar aikinsa ya zo. Limamanmu biyu, na nan da na Hindawiyya. Dattawanmu maza, waɗanda suka riga mu ganin Makka tun tana ƙarama. Iyayena da ƙawayena mata da nake zaune a tsakiyarsu. Sai kuma shabab, 'yan wasan unguwannin nan, waɗanda aka gaya mini sun zauna ɓangare biyu sun bar kujeru a tsakani, kamar ba su taɓa haɗa hannu a faranti ɗaya ba: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Sa'adiya. Wanda bai san fuskata ba, wataƙila ɗansa ko 'yarsa ta biya karatu a gabana. Ina magana ne daga sashen mata, ta wannan lasifika, kuma muryata ba mai ƙarfi ba ce tun asali. Na baya su yi haƙuri. In ba ku ji ba, a ƙwanƙwasa ƙofar tsakiya, zan maimaita.

Ina gode wa mai wannan istiraha, wato zauren taron nan, da ya ba mu ita. Ina gode wa ƙungiyar iyaye da ta naɗa mu mutum uku, maza biyu da ni, mu binciki abin da ya faru a wasan ƙarshe na gasar unguwanni, mu kawo shawara a gabanku. Abokan aikina sun ce ni zan yi bayani, domin akwai ɗakuna biyu a wannan magana da namiji ba ya shiga, ni na shiga su. Kafin in fara, wajibi ne in faɗi matsayina, kada wani ya faɗa a bayana. Nawaf, mai horar da 'yan Rusaifa, wanda ake ƙara a kansa, ɗan ƙanena ne, ni na yi masa wanka ran da aka haife shi. Ɗaso kuma, matar marigayi Malam Issoufou ta Hindawiyya, wadda aka yi abin a gidanta, kakarmu ta wajen uwa ɗaya ce. Na nemi a canja ni saboda haka. Ammu Yunus ya ce: "Malama, nemo mana mutum ɗaya a zauren nan da bai haɗa jini da ɓangarorin biyu ba, mu ba shi." Na duba, ban samu ba.

Abu na farko, abin da ya faru. Zan faɗe shi yadda muka tabbatar, ba yadda yake yawo a bakin mutane ba.

Dattawa da yawa sun ce mini ba su gane wasan ba, ni ma sai da aka zaunar da ni. Ba ƙwallon ƙafar da muka sani ba ce. Ta Amurka ce, mai tsini biyu kamar ƙwallon dabino, da hannu ake jifanta. A can, ƙartin maza ne suke kayar da juna, ana biyansu dukiya. A nan, yaranmu ƙyalle suke ɗaurawa a ƙugu. In an fizge ƙyallen, kamar an kayar da kai ne. Nawaf ne ya dawo da ita daga karatu, tare da shaidar injiniya, kuma mahaifiyarsa ta ce ta fi ganin ƙwallon a hannunsa fiye da shaidar. Shi ya tara yara, shi ya koya wa Mish'al har ya zama mai horar da 'yan Hindawiyya, shi ya shirya gasar. Wannan haƙƙinsa ne, kada fushi ya sa a manta da shi.

Sirrin wasan kuwa ishara ce. Kafin kowane jifa, mai horarwa yana tsaye a gefe, ya taɓa hula, ya shafa ƙirji, ya ɗaga yatsu, yaransa su gane wa zai gudu dama, wa zai gudu hagu. Wanda ya san isharar abokin karawarsa ya san abin da zai yi kafin ya yi shi. Kamar ka je ciniki ne kana jin abin da ke zuciyar mai kaya.

'Yan Hindawiyya suna atisaye a wani fili mai katanga a bayan gidan Malam Issoufou. Ba a ganin cikinsa daga titi. Marigayin shi ne yake yayyafa masa ruwa don ƙura, shi ne yake zana layi da farar ƙasa, ba wanda ya sa shi. Waje ɗaya tak ake hango filin: tagar ɗakin sama na gidansa. Allah ya karɓi ransa ana dab da wasan ƙarshe. Aka jera kujeru a titi don maza, mata suka hau sama, kamar yadda muke yin aza, wato zaman makoki, a garin nan. Ƙofa a buɗe, ba a tambayar mai shiga daga ina take, ba a tambayarta me ta riƙo. Yaran suka so su dakatar da atisaye, Ɗaso ta aiko musu cewa su ci gaba, mai gidan ba zai so filin ya mutu tare da shi ba.

A ranar ƙarshe ta zaman makoki, Nawaf ya kai ƙanwarsa Manar ta yi ta'aziyya. A mota ya ce mata, in ta samu wuri kusa da taga, ta ɗaukar masa filin a jawwal ɗinta, wato wayarta. Ta yi gaisuwa, ta sha gahawa, ta zauna bakin taga, ta ɗauka. Nawaf ya tura wa yaransa a guruf ɗinsu na waya, suka haddace isharar Mish'al kamar karatun allo. Ran wasa, a filin hayar nan na hanyar Muzdalifa, duk inda ɗan Hindawiyya ya nufa sai ya tarar an riga shi. Rusaifa ta ɗauki kofi, aka yi ta horn ɗin mota har ƙofar gidana.

To, an ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma wannan ko rana goma bai samu ba. Bandar, ɗan wasan Rusaifa, suna tsokanar juna da ɗan ƙanwar babansa da ke buga wa Hindawiyya. Wancan ya ce sa'a ce kawai. Bandar ya ce: "Sa'a? Ya ghashim, kai gaula, har tarin da mai horar da ku yake yi mun sani," ya tura masa bidiyon don ya rufe masa baki. Abin da Nawaf ya manta ke nan: babu sirri tsakanin Rusaifa da Hindawiyya, domin guruf ɗin ƙwallo da guruf ɗin dangi mutanen ciki ɗaya ne.

Da abu na biyu da ya manta, wanda shi ya tara mu yau. Waya ba ido kaɗai gare ta ba, tana da kunne. Yaran Rusaifa sun kalli bidiyon suna duban hannun Mish'al, wasunsu ma sun kashe sauti. Da ya isa hannun Marwan, ɗan marigayin, wanda shi ne mai jifa na Hindawiyya, shi bai dubi fili ba. Ya ji murya. A bayan hoton, mahaifiyarsa ce take kuka tana kiran sunan babansa, tana faɗin maganganun da mace ke faɗa a cikin mata, a ɗakinta, ran da take zaton ba mai ji sai 'yan uwanta da Ubangijinta. Na saurara sau ɗaya domin aikin da aka ba ni, kuma ba zan maimaita ko kalma ba. Ku lura da bambanci: ni muryata tana fitowa gare ku yanzu da izinina. Ta Ɗaso ta shiga aljihun samari ba da izininta ba, tana cikin takaba.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Nawaf bai musa ba, Manar ba ta musa ba.

Abu na biyu, hujjar mutanen Rusaifa. Sun ce tun da wasan na Amurka ne, a yi hukunci irin na Amurka: a ci tara, a dakatar da mai horarwa wasa ɗaya ko biyu, kofi ya zauna inda yake. Ban so in ƙi magana ban san ta ba. Na sa 'yata Nora ta karanto mini labaransu daga wuri fiye da ɗaya, abin da bai zo daidai a wurare biyu ba na ajiye shi. Ga abin da ya rage.

Akwai wata babbar ƙungiya a can da aka kama tana ɗaukar isharar abokan karawarta da kyamara, daga wurin da doka ta hana. Irin namu sak, sai dai su ba a gidan makoki ba. Aka ci mai horarwa tara mai nauyi, aka ci ƙungiyar, aka hana ta zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko, sannan hukumar wasan ta lalata kaset ɗin. Bayan shekaru, aka zargi wannan ƙungiya dai da rage iskar ƙwallo don ta yi daɗin riƙo. Shahararren mai jifansu ya musa, aka yi ta shari'a, masana suka yi ta gardama a kan sanyi da iska, a ƙarshe ya zauna wasa huɗu bai buga ba. Kofin da suka ci a wannan kakar yana nan wurinsu. Ma'aikata biyu ƙanana masu kula da ƙwallaye kuwa, su aka fara dakatarwa. Sai wata ƙungiyar kuma da aka samu ana ba 'yan wasanta lada in suka ji wa abokin karawa rauni har aka fitar da shi. Mai horar da su ya yi shekara guda a gida. Su ma ba a karɓe kofinsu ba.

Ban kawo wannan don in zagi mutanen wata ƙasa ba. Suna da dokarsu, suna bincike, suna hukunta manya, wannan abin yabo ne, akwai wuraren da ko haka ba a yi. Amma na lura da abu guda a duk labaran: hukuncin yana tsakanin mai laifi da hukuma ne. Wanda aka cuta yana gefe yana kallo. An biya hukuma, an huta, an dawo, kofi yana cikin gilashi. In hukunci ya zama farashi, mai hali sai ya duba aljihunsa ya ga ko zai iya saye.

Na faɗa wa Nawaf haka a falona. Ya ce, da irin kiran da ake yi wa gwaggo a nan: "Ya Amma, wallahi a can kowa yana yi. Wayo ne na wasa. Wanda aka kama shi ne kawai mai laifi."

Na ce: "To ai an kama ka, ɗan nan."

Ya ce: "Ni fili na ce ta ɗauka. Ban ce ta ɗauki murya ba."

Na ce: "Na yarda. Ka aika a ɗebo maka ruwa a rijiyar mutane da dare, guga ya fito da abin da ba ka nema ba. Wa ya zura gugan?"

Mu tun muna riƙe da allo aka karantar da mu azabar masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa sai a cika musu, in za su bayar sai su rage. Aka karantar da mu hanin leƙen asirin juna. Ba a ce ban da wasa ba. Nawaf yana ɓoye isharar yaransa da allon kwali, na gani da idona. Ya san darajarta a wurinsa. Saboda haka, 'yan uwana na Rusaifa, kwamiti bai karɓi shawararku ba. Ba don ta Amurka ce ba, sai don ba ta mayar wa kowa komai.

Abu na uku, buƙatar mutanen Hindawiyya. Mish'al da dattawan da ke bayansa sun ce a kori Nawaf har abada, a rushe gasar, kowace unguwa ta riƙe 'ya'yanta. Wasu sun ƙara da cewa ba za su sake taka Rusaifa ba, ko biki ko mutuwa. Fushinku yana kan hanya, ban zo in rage muku shi ba. Amma ina roƙon ku duba wa zai biya kuɗin wannan fushin.

A nan zan yi magana a hankali, domin dukanmu mun san abin da nake nufi. Ɗan Rusaifa da aka haifa da takardunsa, in an rushe gasar nan, gobe babansa zai sa shi a mota ya kai shi nadi, wato kulob ɗin wasa, a Jidda, a yi masa rajista, a ba shi riga mai lamba. Yaran Hindawiyya da yawa, waɗanda iyayensu suka zo aikin hajji suka zauna, ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba a ce su nuna iƙama, takardar izinin zama, ba. Wannan gasa ita ce wuri ɗaya da ba a tambayar yaro komai sai sunansa da ko ya yi sallar la'asar. Marwan yana cikinsu. In kun rushe ta don ku hukunta Nawaf, Nawaf zai koma ofishinsa mai sanyi, Marwan ya koma bakin titi. Gidan da aka cuta a ɗakin sama, shi za a sake cuta a fili. Kuma kun san ba za mu kai ƙarar nan waje ba, saboda dalilin da ya sa ba ma kai ƙararraki da yawa waje. In ba mu yi wa kanmu adalci a wannan zaure ba, babu wani zauren.

Game da yanke zumunci kuwa, ban san yadda za a yi shi ba. Wa zai wanke gawar wa? Liman ɗinku surukin namu ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abu na huɗu gajere ne, amma ba zan tsallake shi ba. Na ji ana cewa, a ɓangarorin biyu, ai yarinyar ce ta ɗauka. Na ji har an fara cewa a duba irin tarbiyyarta. Jama'a, wannan ita ce hanyar da na gaya muku ta masu kula da ƙwallaye: babba ya yi umarni, ƙarami ya ɗauki kaya. Manar ta yi kuskure, ta kuma san ta yi. Da na tambaye ta, ta ce: "Ya Amma, ina ɗauka na san ba daidai ba ne. Na ji kukan Hala Ɗaso, na ce a raina in na tsaya yanzu Yaya zai ce ban iya komai ba." Ba ta cikin ƙungiya, ba ta ci kofi ba, ba a yi mata horn ba. Kwamiti ba shi da hukunci a kanta. Abin da ke tsakaninta da Ɗaso nasu ne, kuma za ku ji yadda Ɗaso ta yanke shi. Duk wadda ta ɗauki sunan yarinyar nan ta kai gidan biki, ta sani ita ma tana ɗaukar abin da ba a ba ta izini ba ne ta tagar wani.

Yanzu abu na ƙarshe, wanda ya kamata ya zama na farko. Mun yi ta magana a kan Ɗaso, maza sun yi rantsuwa da sunanta, an kusa dambe a bakin masallaci saboda ita, amma ba wanda ya tambaye ta. Tana takaba, ba za ta fito ba, ba za ku shiga ba. Na je. Na same ta a ɗakin nan dai, an ja labule a tagar, an kuma jingina katifa a kai. Na gaya mata shawarar Rusaifa da ta Hindawiyya, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce wasu suna so a kawo mata kofin har gida.

Ta ce, da irin Hausarsu ta Maraɗi: "Mi zan yi da kofi, Sa'adiya? In dama hura a ciki?"

Na ce to me take so. Ta gyara zama. Sannan ta faɗi abu uku, ta ce in faɗe su yadda ta faɗa, kuma na yi mata alkawari.

Ta ce: "Na ɗaya, a fitar da muryata daga wayoyin ɗiyan mutane. Kukan nan na Issoufou ne, ba nasu ba ne."

Ta ce: "Na biyu, yarinyar ta zo ta same ni, ita ɗaya, ban da uwarta, ban da kowa. Ba zagin ta zan yi ba. Ta sha gahawata ta tafi ba mu yi sallama ba." Ina shaida muku Manar ta je. Abin da suka faɗa ban ji ba, ban tambaya ba. Na dai ga ta fito da ƙullin dabino.

Na uku shi ne ya fi ba ni wahalar ɗaukowa. Ta nuna katifar da ke jikin taga, ta ce Marwan ne ya jingina ta, ran da ya ji bidiyon, kuma tun ranar ba a sake wasa a filin ba. Ta ce: "Ni ba ni fita. Mai gidan ya tafi. Abin da ya rage mini a wunin nan shi ne in la'asar ta yi in ji ihun yaran nan, in ce yanzu da yana nan da ya ɗauki bokitinsa. Wancan ya sace mini kuka, ku kuma kuna so ku sace mini ihun? Ku ce da Mish'al in don ni yake yi, ban sa shi ba. Su zo su sake wasan a nan ƙarƙashin tagata, in gani da idona wa ya iya."

Na ce: "Nawaf fa?"

Ta ce: "Filin yana son mai yayyafa ruwa."

A kan wannan kwamiti ya gina shawararsa, kuma mu uku mun yarda da ita baki ɗaya. Kafin kowa ya fita daga istirahar nan, duk wanda bidiyon yake wayarsa, ɗan Rusaifa ne ko ɗan Hindawiyya, zai goge shi a gaban liman ɗinsa, ya kuma faɗi wanda ya tura wa, a bi shi. Kofin zai dawo hannun Ammu Yunus. Ba na kowa ba ne sai an sake wasa. Za a sake wasan ran Juma'a bayan la'asar a filin bayan gidan Malam Issoufou. Tun da Rusaifa ta san isharar Hindawiyya, Nawaf zai tsaya a gaban Mish'al da yaransa ya nuna musu tasa duka, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya je ya ƙirƙiro sabuwa. Mudun da aka auna wa wani, da shi za a auna maka. Nawaf ba zai horar da kowa ba, ba zai yi ishara ko da ƙifta ido ba, har kakar wasa mai zuwa ta ƙare. Amma ba a kore shi daga fili ba, an ɗaure shi a fili ne: duk ranar atisayen Hindawiyya, shi zai yayyafa ruwa, shi zai zana layi, aikin da marigayin yake yi. Babu tara. Ba mu so a ce an biya.

Na karanta wa Nawaf wannan jiya. Ya ce: "A gaban yaran da na koya wa wasan zan riƙa jan bokiti?" Na ce wanda ya ja shi kafin kai ya haddace Alƙur'ani. Ya sunkuyar da kai, ya ce tayyib, ya yarda. Marwan kuma na tambaye shi ko zai iya jifa alhali mutumin nan yana tsaye a gefen fili. Ya ce bai sani ba. Na ce wannan amsa ce ta gaskiya, na karɓe ta. Ban ce masa ya yafe ba, kuma ina roƙon kada wani dattijo ya matsa masa. Yafiya ba a karɓarta da ɗaga hannu.

Wasu za su ce hukuncin ya yi tsanani a kan wasan yara, wasu za su ce ya yi sauƙi a kan alfarmar gidan makoki. Duka biyun na ji su a raina kafin ku faɗa. Mu mutane ne, mun auna iyakar ganinmu. In mun dace daga Allah ne, in mun kuskure daga gare mu ne. Shawara ce, ba umarni ba. Yanzu Ammu Yunus zai ce a ɗaga hannu. Ni daga nan ba zan ga hannuwan maza ba, abin da ya ƙirga shi zan karɓa. Ɗaso ma ba za ta gani ba. Amma ta ce mini ran Juma'a, da an idar da la'asar, za ta sa a janye katifar nan daga taga, ta zauna. Ko ta ga yara a filin, ko ta ga ƙura. Wannan yana hannunku, a zahirin ma'anarsa.

Allah ya jiƙan Malam Issoufou, ya yayyafa wa kabarinsa rahama kamar yadda ya yayyafa wa filin yaranmu ruwa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya fitar da Ɗaso daga takaba lafiya. Allah ya shirya mana zuri'a, masu takarda da marasa ita, ya sa su fi mu tsoron cin amana a inda ba mai ganinsu. Allah ya rufa mana asiri a ɗakunanmu, ya hana mu zama masu tona na wasu. Allah ya zaunar da wannan ƙasa lafiya da ƙasashen da iyayenmu suka baro, ya bar mu da zumuncinmu, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, na kusa da na Hindawiyya.

Kun yi haƙuri da ƙaramar murya har ta kai ƙarshe. Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.